Ƙosai biyar da ƙirgan yara

Assalamu alaikum mutanen gida, Sakkwatawa ina gaisuwa daga Ingila. Ku yi haƙuri da kyamarar, da tukunya na tokare ta. Ƙosai nake suya, ruwa kuwa tun asuba bai ɗauke ba.

Jiya muka yi waya da ƙanwata a Mabera, ta sa ɗanta ɗan shekara 4 ya yi mini ƙirga da Turanci, daga 1 har 100, ba gargada. Na yi masa tafi. Sai na ce ta ajiye masa dabino ya ɗebo mini guda shida. Yaro ya cika hannu ya miƙo. Ta ce, "Yaya, wallahi ya iya, kunya ce." Na ce ina! Waƙar ya haddace, shidan ce bai sani ba tukuna.

Nan Ingila yaro yana shiga ajin farko tsakanin shekara 4 zuwa 5, kuma abin da manhajarsu ta fi matsawa a kai shi ne 1 zuwa 10 kawai. Da farko har raina su na yi. Ashe so suke yaro ya san 5 ciki da bai: 3 da 2 ce, 4 da 1 ce, kuma in ya ga abu huɗu ko biyar ya faɗi adadinsu da kallo ɗaya.

Bari ku gani. Auta, zo nan. Ga ƙosai biyar, ke da yayanki, raba. Kun ga ta? Ɗaya nata, ɗaya nasa, ɗaya nata, ɗaya nasa. To ga na biyar ya yi saura, ta tsaya tana hararar sa. Nan lissafin yake! Shekaranjiya raba shi biyu ta yi, yau kuma na ga take-takenta, baki za ta kai.

Abin dariyar, Inna haka ta yi mana ba tare da ta taɓa zama a aji ba. In tana cura fura sai ta ce, "Ɗiyata, ƙirga mini, nawa munka yi?" Carbinta ma mun sha ja, 33 sau uku. Carafke a tsakar gida, ɗauki ɗaya-ɗaya, sannan biyu-biyu. Tsofaffin ƙofar gidanmu kuma suna dara, kowa da 'ya'yansa 12, muna tsugune muna ƙirga wanda aka cinye. Ban fara jin tsoron lissafi ba sai da na shiga firamare, aka haɗa mini shi da bulala.

Na ce wa ƙanwata ta bar matsa masa rubuta lambobi shafi-shafi yana kuka. In za a ci tuwo ya ƙirga mutane ya kawo cokula daidai su, in an kaɗo awaki da yamma ya duba ko sun cika.

Kai, mai ya yi zafi. Auta, ina ƙosai na biyar ɗin?