Jawabin Maraba Daga Mahaya Keken Burji Na Jos

Mai girma babban baƙonmu, masu martaba iyayen ƙasa, hakimai da dagatai, malamanmu da fastocinmu, iyayenmu mata, 'yan'uwana mahaya keke, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum, barkanmu da safiya.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa Jos, sannu da hanya. An gaya mana daga Abuja mota ka biyo, ta Keffi da Akwanga, ka hau Hawan Kibo. Mun ji daɗin haka ƙwarai. Wanda jirgi ya sauke a Heipang ɗora shi aka yi a kan tudu, amma wanda ya hau Hawan Kibo ya ji tudun nan a kunnensa, ya ji yadda iska ke sauyawa tun daga wajen Assop. Inda muke tsaye ɗin nan ya haura mita 1,200 a saman teku, shi ya sa ka tarar da mu cikin rigunan sanyi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, don haka ba zan ja ka da nisa ba.

Kekunan da ka gani jere a bakin rumfa su muke kira keken burji. In ka hango shi daga nesa sai ka ce keken tsere ne, saboda kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago. Sai ka matso za ka ga tayarsa ta fi ta keken tsere kauri, kamar milimita 40 zuwa 45, tana da ƙananan haƙora masu kama tsakuwa. Ba ma cika mata iska tam, don ta riƙa shanye gargada. Birkinsa na faifai ne, taɓo ba ya hana shi kamawa, kuma yana da giya mai sauƙi ta hawan tudu. A Amurka, a garin Emporia na jihar Kansas, tun 2006 ake tseren mil 200 a kan irin wannan hanya. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko ta wannan fanni a Italiya. A Kenya ma ana yi, a yankin Masai Mara, mutane na tahowa daga ƙasashe da kuɗinsu don su sha ƙura.

To, ranka ya daɗe, abin da duniya ta mayar wasa, iyayenmu sana'a suka yi da shi. Mahaifina leburan kuza ne a Bukuru. Da Raleigh ɗinsa mai giya ɗaya yake fita tun kafin asuba, ya dawo bayan la'asar da jar ƙasa har gira. Yawancin hanyoyin da muke bi yau na wancan zamanin ne. Kamfanonin kuza ne suka fasa su don kai ma'adini bakin jirgi, tun lokacin da ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso nan a 1914, wanda aka rufe a 1957. Da kasuwar kuza ta faɗi a shekarun 1980, kamfanoni suka naɗe tabarmarsu, suka bar mana hanyoyi da ramuka. Manoma suka gaji hanyoyin, su ne masu su har gobe. Mu baƙi ne a kansu, kuma haka muke koya wa duk yaron da ya shigo cikinmu.

Hanyar da za mu nuna maka yau ita ce wadda na fi so. Daga Lamingo take tashi, ta bi gindin duwatsun Shere, ta nufi wajen Fobur, ƙasar Afizere. Ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800, babu inda ya kai ta tsawo a duk tudun Jos. Da sanyin safiya a watan Disamba, yatsu kan ƙage a kan birki, hazo ya rufe kwari, ba ka jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Kana cikin hawa sai ka shiga tsakanin shingayen ƙerana da suka kewaye gonakin acca, dama da hagu manyan duwatsu sun hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Akwai wani hawa da ba mai yin magana a kansa, kowa numfashinsa yake ji. In ka kai sama ka waiwaya, ga Jos can ƙasa shimfiɗe. Na yi shekaru ina bin wurin nan, amma ban taɓa wucewa ban sa ƙafa ƙasa na tsaya ba.

Akwai ta Miango, ƙasar Irigwe, akwai wadda ke kai mutum har ya hango dutsen Riyom, akwai ta Kurra a Barkin Ladi mai nisa, wadda sai an shirya mata.

Wadda nake so ka ji labarinta da kyau ita ce ta kudu, daga Bukuru zuwa wajen Vom da Kuru. Mutanen waje sun san Vom da cibiyar binciken lafiyar dabbobi da aka kafa a 1924, sun san Kuru da cibiyar nazarin manufofin ƙasa ta 1979. Bayan katangunsu kuwa gonaki ne na kabeji da karas da tumatir da dankalin Turawa, da yawa ana ba su ruwa daga tsofaffin ramukan kuza. A daminar bara muka iso wani rafi a wannan hanya, muka tarar ruwa ya cinye kwalbatin, sai bakin siminti a tsaye. Mu dai muka saɓa kekunanmu a kafaɗa muka tsallaka, don ba su da nauyi. A ɗaya gefen ga wani dattijo da buhu biyu na dankali ɗaure a tsohon kekensa. Ya kwance igiya, ya ɗauki buhu ɗaya a ka, ya ratsa ruwa har gwiwa, ya dawo ya ɗauki na biyu, sannan ya koma ɗauko keken. Yaranmu suka zubar da nasu suka kama masa. Ya ce mana motar da ke kwasar kaya zuwa kasuwar Farin Gada da ke Jos ta daina shigowa tun da kwalbatin ya tafi, kuma abin da ya fi damunsa shi ne ranar da naƙuda za ta kama wata cikin dare. Har yau in na tuna fuskarsa sai jikina ya yi sanyi.

Saboda shi ne roƙonmu ya zama ƙarami. Ba kwalta muke nema ba, ranka ya daɗe. A gyara kwalbatoci, a zuba marmara inda zaizaya ta ci, a fitar wa ruwa hanya a gefe kafin damina ta sauka. A kafa alluna a mararraba da sunan kowane ƙauye kamar yadda masu shi ke faɗinsa. A kuma kewaye ramukan kuzan da ke bakin hanya. Ruwansu kwance yake luf, gwanin kyau, amma zurfinsa ba na wasa ba ne, kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san gidan da irin wannan ruwa ya sa kuka. In aka yi wannan, manomi ya samu, ɗan makaranta ya samu, mu ma mu samu a bayansu. Baƙon da zai zo hawa kuwa zai sha shayi a ƙauye, ya ci gwate, ya biya mai faci, ya ɗauki ɗan gari ya yi masa jagora.

Ba zan ɓoye maka ɗaya damuwar ba, don kai ma ka san ta. Tun rikicin Satumba na 2001 garin nan ya rabu, akwai unguwannin da wasunmu suka yi shekaru ba su taka ba, kuma har yanzu akwai hanyoyin karkara da ba ma bi sai mun tambaya. A cikinmu akwai Birom, akwai Anaguta, akwai Bahaushe da Bafulatani da Ibo da Bayarabe. Ranar Asabar muke fita, don kada a hana kowa Juma'arsa ko Lahadinsa. Dokarmu ita ce ba ma ratsa ƙauye sai mun gaida mai gari, in mun haɗu da garke mu sauka mu ba shanu hanya, kuma ba a taka gonar kowa. Na ga yaron Gangare, unguwar Hausawa, ya cire tayar yaron Gyel, ƙasar Birom, yana yi masa faci a tsakiyar daji, suna shan ruwa a gora ɗaya. Muna roƙon iyayen ƙasa da jami'an tsaro su ci gaba da riƙe mu kamar yadda suka saba.

A 2024 Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik a Faris. Masu horar da 'yan tsere a duniya tudu suke nema su kai yaransu, mu kuwa a kansa aka haife mu. 'Yan matan nan huɗu da ke gaba sanye da hular kwano, da kekunan aro suka fara, yau kuma su za su ja ayari.

Ranka ya daɗe, mun tanadar maka keke daidai tsayinka, da hula, ga kuma mota za ta biyo baya. Za mu tsaya a gindin Shere, inda iyayenmu mata suka dafa maka acca. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya. Bismillah, ka taso ka ɗaga mana tuta. Na gode.