Amsoshin Tambayoyinku: Talabijin ɗin Ingila da na Amurka, ina suka raba hanya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau saƙonnin da muka ɗauko duk kan abu guda suka zo, wato shirye-shiryen talabijin na Ingila da na Amurka, toh bari mu shiga kai tsaye.

Na farko wani ɗan uwa ne daga Zinder, yace shi ɗalibi ne yana koyon Turanci da kallo a waya, ya kalli wani shirin barkwanci mai suna The Office har kala biyu, na Amurka ya sha dariya amma na Ingila kunya ce ta rufe shi har ya kashe wayar. Yana tambaya ko Turancinsa ne bai kai ba.

Malam Turancinka lafiya lau, wannan kunyar da kaji ita ake so kaji. Na Ingila shine na asali, BBC ta fara nuna shi a 2001, Ricky Gervais da Stephen Merchant suka rubuta, kuma gaba ɗayansa kashi 14 ne har da na Kirsimeti guda biyu. Labarin wani kamfanin sayar da takarda ne a garin Slough, manajan David Brent mutum ne mai ganin kansa gwanin ban dariya, zai saki magana a gaban ma'aikata kowa yayi tsit, kyamara ta tsaya kan fuskar wata tana kallon ƙasa, ba kiɗa ba tafi, shirun yayi ta tsawo har kai mai kallo ka rasa inda zaka sa kanka. Ɗan Ingila a wannan shirun yake dariya. Daga baya ma sallamar mutumin akayi daga aiki yana roƙo kamar zaiyi kuka.

Da tashar NBC ta ɗauko shirin a 2005 ta kai shi garin Scranton, Steve Carell ya fito a manaja. Zangon farko sun bi sawun na Ingila sosai, jama'a basu wani karɓa ba, sai marubuta suka sassauta, suka mai da ogan wawa amma mai zuciyar kirki wanda ke son ma'aikatansa kamar 'yan gidansu. Daga nan shirin ya kama, sai da yayi kashi 201 zuwa 2013. Ni dai gaskiya na Ingilan ya fi taɓa ni, duk wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin oga mai neman a yabe shi dole ya san wannan shirun. Amma kuma na fahimci Amurkawa, mutumin da baka so ba zaka buɗe masa ƙofar falonka shekara takwas ba.

Sai wata 'yar uwa daga Kumasi, tace me yasa shirin Ingila kashi shida an gama ana cikin jin daɗi, na Amurka kuwa ashirin da wani abu duk shekara?

Hajiya amsar tana wajen wanda ke biyan kuɗin. A Ingila gidan da ke kallon talabijin kai tsaye yana biyan kuɗin lasisi duk shekara, a Afrilun 2025 an sa shi fam 174.50, da shi BBC ke rayuwa, shi yasa a cikin ƙasar bata sa talla. Akwai masu talla irin ITV amma BBC ce ta shimfiɗa al'adar. Mutum ɗaya ko biyu ne zasu zauna su rubuta shiri tun daga farko har ƙarshe, in sun yi shida sun gaji sai su ajiye alƙalami. Fawlty Towers da har yau suke alfahari da shi kashi 12 ne kacal, shida a 1975 shida a 1979.

Amurka kuwa manyan tashoshi irin ABC da CBS da NBC da talla suke ci. Shirin da akace rabin awa ne in kika duba agogo kusan minti 22 ne, sauran duk talla, har labarin ma ana yanka shi ne daidai inda za'a tafi talla don kar ki canza tasha. Marubuta kuma tawaga ce guda a ɗaki ɗaya, kowa na jefa tasa, burinsu shiri ya kai wajen kashi 100 a sayar wa sauran tashoshi suyi ta maimaitawa, nan ribar take. Yanzu zuwan su Netflix ya rage tazarar, Amurkawa ma sun koma yin takwas ko goma.

Amma kar ki ɗauka 'yan Ingila basu da dogon zango. Coronation Street tun Disambar 1960 ake yinsa har yau, labarin talakawa ne a wani layi kusa da Manchester, masu shago da ma'aikatan masana'anta da gulmar maƙwabta. A lokacin da Amurka ke nuna Dallas, attajiran man fetur da manyan gidaje da huluna masu faɗi, su can suna kallon mace na rigima da mijinta kan kuɗin haya.

Na uku daga Kano, wani mai gidan kallon ƙwallo, yace yana jin masu sharhi na cewa Boxing Day, a finafinan Amurka kuma kullum Thanksgiving, shin abu ɗaya ne?

Ba ɗaya bane Alhaji. Boxing Day 26 ga Disamba ce, washegarin Kirsimeti, hutu ne a Ingila kuma an saba buga ƙwallo ranar, kai ka fi ni sanin yadda benci ke cika. Ba'amurke da yawa bai ma san sunan ba. Tasu ita ce Thanksgiving, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, dangi su taru a gasa talotalo, shi yasa shirye-shiryensu na barkwanci ke ware mata kashi guda, ɗan Ingila kuwa baya yinta sam. Shi ranar Kirsimeti ƙarfe uku na rana jawabin Sarki yake jira. Ko kalmar football ma in Ba'amurke ya faɗa ba tamu yake nufi ba, tasu ce ta hular kwano da rungume ƙwallo, wasan ƙarshenta Super Bowl na 2024 mutum sama da miliyan 120 suka kalla, tallar daƙiƙa 30 ta kai dala miliyan 7, har akwai masu zama don tallar kawai.

Ga wani abu da nake so ƙwarai game da 'yan Ingila. In babban wasa ko shiri ya ƙare, miliyoyin gidaje lokaci guda suke tashi su kunna butar lantarki don haɗa shayi, har ma'aikatan wutar ƙasar sai sun bi jadawalin talabijin sun shirya. A 1990 bayan bugun fanareti tsakanin Ingila da Jamus ta Yamma a kusa da ƙarshen kofin duniya, buƙatar wuta ta yi tsalle da megawat 2,800, an fitar da Ingila, kowa ya nufi kicin.

Akwai ɗan gajeren saƙo daga Maraɗi, ana tambaya ko Who Wants to Be a Millionaire na Amurka ne. A'a, a Ingila aka fara shi a 1998 a tashar ITV, Amurka ta ɗauka a 1999, Najeriya kuma a 2004 da Frank Edoho.

Lokaci ya cimmana, sauran saƙonnin sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu. A huta lafiya.