Ƙananan Jiragen da Suka Zama Idon Igwa a Yaƙin Duniya na Biyu

Masu sauraro, duk lokacin da aka tayar da zancen jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, hankalin jama'a yakan tafi ne ga manyan jiragen sama masu ruwan bama-bamai da masu saurin kai farmaki. Sharhinmu na yau zai tsaya ne a kan wasu ƙananan jirage marasa makami, waɗanda a ganina ba a ba su haƙƙinsu ba a tarihin wannan yaƙi.

Mu ɗauki jirgin L-4 na sojojin Amurka, wanda kamfanin Piper ya ƙera daga ƙaramin jirginsa na farar hula mai suna Cub. Gangar jikinsa bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadi, injinsa mai ƙarfin doki 65 ne kacal, yana ɗaukar mutum biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma gudunsa na yau da kullum bai wuce kilomita 120 a awa ba. An ƙera fiye da 5,000 saboda yaƙin. Fitowarsa ta farko a fagen daga ba ta yi daɗi ba, domin a watan Nuwamba na 1942, lokacin da sojojin ƙawance suka sauka a Arewacin Afirka, guda uku sun tashi daga kan Ranger, jirgin ruwan Amurka mai ɗaukar jiragen sama, sai jiragen ruwan Amurka suka buɗe musu wuta bisa zaton na abokan gaba ne.

To, mene ne amfanin jirgi irin wannan? Masu harba igwa sukan yi harbi a kan abin da ba sa gani, domin tudu ko daji ya kare shi. Ɗan leƙen da ke kujerar baya, da taswira a cinyarsa da rediyo a kunnensa, shi ne ke ganin inda harsashi ya faɗi, ya ce a ƙara nisa, ko a rage, ko a karkata dama, har sai an dace. Rashin gudun da ake ganin aibi ne shi ne ya ba shi damar yin shawagi a wuri guda yana ƙare wa ƙasa kallo. Shi ya sa sojojin Jamus sukan tsagaita harbi da zarar sun hango shi, don kada walƙiyar bindigoginsu ta tona asirin maɓoyarsu. Birtaniya ma ta bi wannan hanya da jiragen Auster, inda hafsoshin rundunar igwa da kansu suke tuƙi.

Jamus kuwa tana da Fieseler Storch, wanda ke iya sauka a fili ɗan ƙarami ƙwarai. Janar Rommel ya riƙa zagaya bakin daga da shi a hamadar Libiya, kuma da shi aka ɗauke Mussolini, hamɓararren shugaban Italiya, daga inda ake tsare da shi a tsaunin Gran Sasso ranar 12 ga Satumba, 1943.

Amma aikin da ya fi taɓa mini zuciya a ƙasar Bama (Myanmar a yanzu) aka yi shi, kuma ya shafe mu kai tsaye. A 1943, lokacin da dakarun Birtaniya na musamman da ake kira Chindit, ƙarƙashin Orde Wingate, suka kutsa bayan layin Japan, dole ta sa aka bar wasu masu rauni a daji, saboda babu yadda za a yi a ɗauke su. Da aka koma a 1944, da bataliyoyi uku na Rundunar Nijeriya a cikin tafiyar, sai matuƙan Amurka suka zo da ƙananan jiragen L-1 da L-5, suna sauka a ɗan filin da sojoji suka share da adda, su ɗauki mai rauni su kai shi inda babban jirgi zai wuce da shi asibiti a Indiya. Tafiyar da za ta ci makonni a kan makara, cikin ruwan sama da zazzaɓin cizon sauro, ta koma ta 'yan awoyi. Sojan da ya san ba za a yar da shi ba idan harsashi ya same shi, ƙarfin zuciyarsa daban ne, kuma kwamandojin lokacin sun fahimci haka sarai.

Haka abin yake a kwarin kogin Kaladan da ke Bama, inda Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙi a wurin da da wuya mota ta shiga. Ta sama ake jefo musu abinci da harsasai, ta sama kuma ake kwashe marasa lafiya, daga filayen da sojojin suka sare da hannunsu a gefen kogi. Da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne, kuma ana amfani da Hausa a tsakaninsu.