Hoton Kano na 1851: wa ya zana shi?

Akwai wani tsohon zane da ya kamata ku duba da kyau. Birnin Kano ne daga kan dutsen Dala, kuma ɗaliban zane da na fasalin gine-gine kan sa shi a kundin bincike, su rubuta a ƙasa cewa haka Kano take a 1851.

To, a dakata. Gaskiya ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma zayyana abin da ya gani. Amma hoton da aka buga ba aikin hannunsa ba ne kai tsaye. Wani mai zane ne, Martin Bernatz, ya karɓi zayyanar a Jamus ya cike ta, alhali bai taɓa taka Kano ba. Saboda haka idan shimfiɗar gari kuke nema, hoton zai taimaka. Idan kuwa siffar zanko ko adon bango kuke son kwafa, ta yaya za ku rabe abin da Barth ya gani da abin da Bernatz ya ƙara?

Hoton kyamara ma bai tsira ba. Tsofaffin faifan ɗaukar hoto sun fi kama shuɗi, shi ya sa shuɗi kan fito da haske, ja da rawaya su fito kamar baƙi. Mai nazarin aikin babbar riga, aska takwas alal misali, kada ya yanke hukunci kan launin zare daga irin wannan hoto. Katunan da aka yi wa kala da hannu kuwa, ai zaɓin mai fenti ne kawai.

Abin da kuka tsinto a shafin hotuna na Pinterest, ku bi sawunsa da manhajojin binciken hoto irin su Google Lens ko TinEye har ku isa inda ya fara fitowa, musamman yanzu da kwamfuta ke ƙirƙiro gidajen "gargajiya" da ba a taɓa ginawa ba. Wanda ke ajiye a gidan tarihi na Gidan Makama a Kano ko Arewa House a Kaduna ya fi sauƙin tantancewa, don akwai wanda za a tambaya.

In kun zaɓa, ku rubuta wanda ya yi shi, da shekara, da inda aka adana shi, sannan ku duba ko an yarda a sake bugawa.