Jitar da Gumi Ya Cinye: Hira kan Rory Gallagher da Masoyansa

Nasiru: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Ni ne Nasiru, kuma kamar kullum ina tare da Malama Hadiza da babbanmu Malam Bala. Yau hirarmu a kan wani makaɗin jita ne ɗan ƙasar Ireland mai suna Rory Gallagher, wanda ya rasu tun 1995, amma har gobe masoyansa ba su saki sunansa ba. Malam, ku ne kuka matsa a yi wannan shiri, saboda haka ku za ku buɗe mana fage.

Malam Bala: Wa alaikumus salam, Nasiru. Na matsa kam, kuma ban yi da-na-sani ba. Bari in fara da gyara ɗaya, domin ɗazu na ji Hadiza tana kiran irin kiɗansa da sunan bulus. Sunansa blues, kuma babu wanda ya ci bulus a cikinsa, domin kiɗa ne da baƙaƙen fatar kudancin Amurka suka haifa cikin wahala da talauci. Daga baya samari a Birtaniya da Ireland suka ɗauke shi suka haɗa da jitar lantarki mai ƙara. An haifi Rory ranar 2 ga Maris 1948 a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Ballyshannon, amma a birnin Cork ya tashi, kuma a rediyo ya fara jin wannan kiɗa tun yana yaro.

Hadiza: Na karɓi gyara, Malam. Sai dai ina da tambaya tun da wuri. Idan aka tsayar da mutum a titi aka ce ya lissafa gwanayen jita, zai ambaci Jimi Hendrix ko Eric Clapton, da wuya ya ambaci Rory Gallagher. To, me ya sa mutumin da bai kai su suna ba ya sami masoya masu naci haka?

Malam Bala: Amsar tana Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa. Kin san daga 1969 zuwa 1998 Ireland ta Arewa ta yi fama da rikici tsakanin masu son zama ƙarƙashin Birtaniya, waɗanda akasarinsu 'yan Furotesta ne, da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ireland, waɗanda akasarinsu 'yan Katolika ne. Mutum sama da 3,500 suka mutu, kuma shekarar 1972 ce ta fi kowace muni. A wancan lokaci manyan mawaƙan duniya sun ƙaurace wa Belfast, kowa yana gudun ransa, kuma ba za a ga laifinsu ba. Shi kuwa Rory, ranar 1 ga Janairu 1972 ya hau dandamali a zauren Ulster Hall, alhali a daren jajiberin bama-bamai sun tashi a cikin birnin. Samari daga unguwannin da ba sa ga maciji da juna suka cika zaure ɗaya, suka yi tsalle tare, suka yi ihu tare. Kuma ba sau ɗaya ya yi ba, ya ci gaba da komawa shekara bayan shekara.

Nasiru: Ya kamata masu sauraro su san cewa haɗarin ba na baki ba ne. A watan Yuli 1975 'yan bindiga sun tare motar wata ƙungiyar makaɗa mai suna Miami Showband da dare a kan hanyarsu ta komawa Dublin, suka kashe uku daga cikinsu. Ke nan makaɗi ma bai tsira ba.

Malam Bala: Haka ne. Shi ya sa idan ka ji dattijon Belfast yana zancen Rory, ba da gwanintar yatsu yake farawa ba, cewa yake yi wannan shi ne wanda ya zo mana lokacin da kowa ya guje mu. Halacci ne suke ramawa. Shi ma yana ganin birnin yana binsa bashi, domin a can ƙungiyarsa mai suna Taste ta zauna tana wasa a ƙarshen shekarun 1960, kafin duniya ta san da zamansu. A Janairun 2025 aka kafa mutum-mutuminsa a bakin wannan zaure na Ulster Hall, kusan shekara talatin ke nan da rasuwarsa.

Hadiza: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma ku yi mini haƙuri, Malam, masoyan nan suna da wani hali da ke damuna, wato ƙarin gishiri. Duk inda ka leƙa a intanet za ka tarar da labarin cewa an tambayi Hendrix yadda yake ji da zama gwanin jita na duniya, shi kuma ya ce a je a tambayi Rory Gallagher. Babu faifan murya, babu jaridar da ta buga, kuma ana ba da wannan labari daidai da haka a kan wasu makaɗan daban, suna kawai ake canzawa. Haka kuma ana cewa wai jininsa na daban ne, shi ya sa guminsa yake cin fenti. Ni a ganina mutumin da ya yi abin da kuka faɗa a Belfast ba ya buƙatar a yi masa ƙarya.

Malam Bala: Kin taɓa ni a inda yake yi mini ciwo, domin ni kaina na sha ba da labarin Hendrix ɗin nan a majalisa kafin in gane ba shi da tushe. So hana ganin laifi. Amma akwai yabo na gaskiya da ya ishe shi. A 1972 masu karanta jaridar waƙa ta Melody Maker sun zaɓe shi gwanin jita na shekara, a gaban Clapton. Muddy Waters, wanda uba ne a wannan sana'a, da ya zo Landan ɗaukar faifai a ƙarshen 1971, Rory yana cikin samarin da suka kaɗa masa. Brian May na ƙungiyar Queen kuma ya sha faɗa da bakinsa cewa yana saurayi ya tsaya bayan an tashi daga wasa ya tambayi Rory sirrin sautinsa, Rory bai ɓoye masa komai ba, ya nuna masa akwatin sautinsa ƙirar Vox AC30 da wata 'yar na'ura mai ƙara wa sauti kaifi, kuma a kan wannan ya gina nasa sautin.

Nasiru: Tunda an ambaci gumi da fenti, mu tsaya a kan jitar nan, domin ita kanta tana da nata masoyan.

Malam Bala: Fender Stratocaster ce ƙirar 1961. Ya saye ta ta hannu a 1963 a shagon Crowley da ke Cork a kan fam 100, yana ɗan shekara 15, da sharaɗin biya kaɗan-kaɗan daga abin da yake samu a wasan dare. Asalin launinta ruwan ƙasa ne mai duhu a gefe da haske a tsakiya, amma idan ka dubi hotonta na ƙarshe, fentin ya zube saura 'yan tsibirai nan da can, katakon ya fito fili ya yi toka-toka, musamman inda damtsensa yake gogawa. Shekara talatin da 'yan kai yana jiƙa ta da gumi kusan kowane dare. Wani lokaci wuyanta yakan sha gumi har sai an cire an bar shi ya bushe. An taɓa sace ta a Dublin a tsakiyar shekarun 1960, aka nuna ta a shirin 'yan sanda na talabijin, sai ɓarawon ya tsorata ya yar da ita, aka tsinto ta bayan ruwan sama ya yi kwanaki yana dukanta.

Hadiza: Abin dariya kuma shi ne yau kamfanin Fender yana ƙera sabuwar jita ya kankare mata fenti daidai inda tasa ta kankare, mutane su biya kuɗi masu kauri su saya. Wato ana sayen tabon aikin da wani ya yi.

Malam Bala: Nan ma ba zan yi miki musu ba. Amma bari in ba ku abin da na gani da idona. Shekarun baya na je Ireland ziyarar ɗana da ke karatu a can, sai tafiyar ta dace da bikin tunawa da Rory da ake yi kowace shekara a Ballyshannon tun 2002, wajen farkon watan Yuni. Garin ƙarami ne, amma na tarar da shi maƙil, ana jin Jamusanci da Faransanci da yaren Holan a titi, kuma rabin mazan sanye suke da riga mai gidan dara, irin wadda marigayin ya saba sawa. A tsakiyar gari akwai mutum-mutuminsa na tagulla da aka kafa a 2010, ya ranƙwafa da jita a hannu. Ina tsaye sai wani tsoho mai furfura ya zo yana dogara sanda, ya laluba aljihu ya fito da ɗan ɓallin robar nan da ake kaɗa tsirkiya da shi, ya ajiye a gindin mutum-mutumin, ya cire hula ya yi shiru na ɗan lokaci. Da muka gaisa ya ce mini daga Jamus yake, kuma a 1977 ya fara ganin Rory a talabijin cikin wani wasa da aka watsa kai tsaye daga birnin Essen. Bai ce mini Rory ya fi kowa iya jita ba. Cewa ya yi bai taɓa biyan kuɗin shiga wasansa ya fito yana jin an cuce shi ba.

Nasiru: Wannan ya kawo mu ga taurin kansa, wanda wasu ke yabo wasu ke ganin shi ya rage masa kasuwa.

Malam Bala: Taurin kai kam yana da shi. A zamaninsa hanyar yin suna ita ce a fitar da waƙa guda a ƙaramin faifai domin gidajen rediyo su yi ta juyawa, shi kuwa ya ƙi, yana ganin hakan zai sa ya riƙa yanka kiɗansa daidai da bakin 'yan kasuwa. A farkon 1975, bayan makaɗin jita Mick Taylor ya bar shahararriyar ƙungiyar Rolling Stones, sun gayyaci Rory zuwa birnin Rotterdam na Holan ya yi 'yan kwanaki yana kaɗawa da su, amma da lokacin wasanninsa na Japan ya yi, sai ya tattara kayansa ya tafi cika alkawarin da ya ɗauka. Ƙanensa Dónal ne manajansa har ƙarshen rayuwarsa, mai kaɗa masa babbar jita kuma, Gerry McAvoy, shekara ashirin suka yi tare. Wanda yake son ya ji dalilin duk wannan magana, ya nemi kundin Irish Tour '74, wanda aka ɗauka a Belfast da Dublin da Cork, zai ji yadda jama'a suke amsa masa.

Hadiza: To, amma ga wani ɓangare da masoya ba sa son a taɓo. Mutumin nan bai yi aure ba, bai haihu ba, kusan ba shi da wata rayuwa a bayan dandamali. Daga baya tsoron hawa jirgin sama ya kama shi, ya shiga shan magungunan da aka rubuta masa, ga kuma barasa, har hantarsa ta lalace. A Janairun 1995 ya yi wasansa na ƙarshe a Holan cikin tsananin ciwo, aka yi masa dashen hanta a Landan, wata cuta ta shige shi yana jinya, ya rasu ranar 14 ga Yuni yana da shekara 47. Ina tambayar kaina ko masu tafin nan, da suke son ya ba da komai kowane dare, ba su da nasu kason a cikin abin da ya cinye shi.

Malam Bala: Tambaya ce mai nauyi, Hadiza, kuma ba zan kawar da ita da wasa ba. Waɗanda suka san shi sun ce mutum ne mai kunya da ƙarancin magana, wanda ba ya sakewa sai ya rataya jita. Ina ganin ko da babu mai tafi, da wuya ya zauna a gida. Amma gaskiya ne cewa a shekarunsa na ƙarshe jikinsa ya kumbura, kowa yana gani, kuma an ci gaba da sayen tikiti. A Cork aka binne shi, jama'a suka yi dafifi a tituna don rakiyar gawarsa, kuma daga baya aka sa wa wani fili sunansa a birnin, aka sa wa wani titi a Ris-Orangis kusa da Paris, har Babban Bankin Ireland ya buga tsabar azurfa mai hotonsa a 2018.

Nasiru: Saura labarin gwanjo, wanda ya tayar da ƙura a 2024.

Malam Bala: A 2024 iyalinsa suka sanar za su sayar da jitar, sai hankalin mutanen Ireland ya tashi, suna tsoron wani attajiri zai saye ta ya kulle a gidansa a wata ƙasa. 'Yar mai shagon da ya sayar masa da ita a 1963 ta buɗe gidauniya a intanet domin a haɗa kuɗi a riƙe ta a gida. A watan Oktoba aka buga gwanjon a Landan, ta tashi a kan fam 700,000 kafin a ɗora la'ada, kamfanin shirya wasanni na Live Nation Gaiety ya saye ta domin ya miƙa wa gidan tarihi na ƙasar Ireland.

Hadiza: Ke nan kayan da aka saya fam 100 da bashi zai ƙare a cikin akwatin gilashi, babu mai taɓawa sai da safar hannu. Ni da za a bi tawa, da an riƙa fito da ita sau ɗaya a shekara a ba wani saurayi ya kaɗa a Ulster Hall.

Malam Bala: Ni kuma ina tsoron kada a ba wanda zai ƙarasa ɗan fentin da ya rage. Ki bar mini ita a gilashin, aƙalla har in sake samun kuɗin jirgi in je in gan ta.

Nasiru: Wannan gardama za ku ƙarasa ta a waje, domin lokaci ya cim mana. A madadin Malam Bala da Malama Hadiza, ni Nasiru nake cewa mu kwana lafiya.