Darasin yau: busasshen dankali na lada ga karen gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, da fatan kowa yana lafiya. Yau darasin namu na masu kare ne, ko na gadi kake da shi, ko na farauta, ko wanda ke bin garken shanu, duk abin ya shafe ka. Zan nuna muku yadda ake yi wa kare ɗan abin taunawa da dankali, wanda za ka riƙa ba shi in ya yi abin kirki ko in kana koya masa zama da tashi da dawowa in an kira shi. Kayan haɗin guda ɗaya ne tal, dankali. Ba gishiri, ba mai, ba magi, ba suga, ba komai.

To ga dankalin nan a gabana, dankalin Hausa nake nufi mai zaƙi, ba na Turawa ba. Ku lura da wannan sosai, domin na Turawa in ɗanye ne, musamman wanda bayansa ya fara yin kore ko ya fara tsiro, yana da guba da ke cutar da kare, har mutum ma. Namu na Hausa ba shi da wannan matsalar. Fari ko ja duk suna yi, amma in kun samu mai ruwan lemo a ciki to shi na fi so, wannan launin na cikinsa shi ne sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, kuma yana da harza mai taimaka wa hanji. Kun ga wannan da na ware gefe? Bari in matso da shi kusa da kyamara. Kun ga baƙin tabon nan, in na danna yatsana sai ya lotsa, ga wani ɗan wari mai ɗaci-ɗaci. Wannan ya fara ruɓewa, kuma don Allah kada wani ya ce ai kare ne bari in yanke wurin in ba shi sauran. Dankalin da ya yi fumfuna yana iya ɗaukar guba, abin da ba za ka ci ba kar ka ba dabbar da ke kwana a waje tana tsare maka gida. A kasuwa ku zaɓi mai tauri, mai sulɓin baya, dogo mai kauri don ya yi daɗin yankawa.

Sai wanki. A wanke shi tas da soso a fitar da duk ƙasar nan da ke maƙale a lungunansa. Maganar ferewa kuma, in karenka babba ne mai ƙarfin ciki za ka iya barin ɓawon, amma ni ferewa nake yi saboda ɓawo yana yi wa wasu karnukan wuyar narkewa, ƙananan nan ma dai a fere musu kawai a huta.

Yanzu yanka, nan ne aikin yake. Ku kalli hannuna, na fara datse gefe ɗaya don ya zauna daram a kan katako kar ya mirgina wuƙa ta kama ni, sai in riƙa tsaga shi a tsaye, dogo-dogo, kaurinsa kamar rabin santimita, ya ɗan fi yankan kilishi kauri kenan. In ka yi shi siriri sosai zai fito da ƙaras-ƙaras ya ƙare a baki ɗaya, in kuma ya yi kauri da yawa waje zai bushe ciki na nan da danshi, kwana kaɗan sai ka buɗe ka tarar ya yi fumfuna. Ku yi ƙoƙari duk su zo kai ɗaya don su bushe tare. Babban kare a yi masa dogaye yadda dole sai ya kwanta ya riƙe da ƙafafun gaba ya tauna, ƙarami kuma a yanka masa ƙanana. Karen da ba ya tauna abu sai dai ya haɗiye gaba ɗaya, wannan a yi masa gutsi-gutsi ne kawai, don dogon yanka na iya shaƙe shi.

Mai oben, ga naka. Ka kunna shi a wuta ƙasa-ƙasa, digiri 120 a ma'aunin salshiyos, ka shimfiɗa takardar gashin kek a tire, ka jera yankan ɗaya bayan ɗaya kar wani ya hau kan wani. Zai ɗauki awa 2 da rabi zuwa 3, in an yi rabin lokacin sai ka fito da tiren ka juya su. Na san wani zai ce awa 3 ai gas ya ƙare, bari in ƙara wuta ya yi sauri. Kar ka ƙara. Busarwa muke yi, muna korar ruwan da ke cikinsa a hankali, kana ƙara wuta zaƙin da ke jikinsa zai ƙone ya yi baƙi ya yi ɗaci alhali tsakiyar bai bushe ba. In lokaci ya cika ka kashe oben ɗin ka bar su a ciki su huce, suna ƙara tauri a wannan zaman.

Wanda ba shi da oben kuma, ko yana da na lantarki amma wutar ba ta zama awa 3, kar ka damu, hanya ta biyu ma ita na fi amfani da ita. Ka turara yankan a madambaci kamar minti 5 zuwa 8, ya dahu amma kar ya yi ligif har ya riƙa farfashewa. Wannan turarawar dole ce, domin ɗanyen dankali yana yi wa kare wuyar narkewa, yana kawo kumburin ciki da gudawa, babban gutsure ma na iya toshe hanji. Bayan nan sai ka baza su a kan rariya ko raga mai tsafta yadda iska za ta shiga ta sama da ta ƙasa, ka rufe da yankin gidan sauro saboda ƙuda da ƙura, ka ɗora a wuri mai tsayi inda rana ke duka, inda awaki da kaji da shi kansa gogan ba za su kai ba. Da yamma a shigo da shi ɗaki, da safe a juya a mayar. Lokacin hunturu ko tsakiyar bazara kwana 2 zuwa 3 ya isa. Da damina kuwa kar ma ku fara, danshi zai sa ya yi fumfuna kafin ya bushe.

Ga wanda na riga na gama, ku gani. Launinsa ya ƙara duhu, ya yamutse, gefensa ya ɗan naɗe. In na lanƙwasa shi yana lanƙwasuwa da ƙyar, in na tsaga tsakiya babu laima ko kaɗan. Wannan mai ɗan taushin firiji yake so, a roba mai murfi, zai kai kamar sati 2. In ba ka da firiji to ka busar da shi har sai ya karye ƙas in ka lanƙwasa, ka zuba a kwalba busasshiya bayan ya huce gaba ɗaya, ka riƙa dubawa kana shinshinawa kafin ka bayar. Ka ga fari-fari ko kore a jikin guda ɗaya, zubar da duka.

In kana son na biskit ma yana yiwuwa, dafaffen dankali kofi 1 a dame shi, ƙwai 1, garin alkama kamar kofi 2, a murza a yayyanka ƙanana a gasa a digiri 175 na wajen minti 25. Shi wannan ko a tukunya mai yashi a kan kurfoti yana gasuwa yadda mata ke gasa kek. Amma ba ya daɗewa kamar busasshen, a cinye shi cikin 'yan kwanaki.

To bari in tsaya a kan abin da ya fi damuna, wato abin da mutane ke ƙarawa don wai ya yi daɗi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe ko na gari duk ɗaya ne, kuma illar ba ta fitowa nan take, sai bayan kwanaki ka ga kare ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu. Shi ya sa sauran miyar da muke juye musu kullum abin dubawa ne, akwai albasa akwai magi akwai barkono. Cakulan guba ne gare su, inabi da zabibi suna iya kashe musu ƙoda. Ƙuli-ƙuli ma ni ba na ba da shawara, ga gishiri ga yaji ga mai. Masu sayen man gyaɗar kwalba na kanti don shafawa a kai, ku karanta jikin kwalbar, in kun ga an rubuta xylitol to ku ajiye ta, wannan abin zaƙin kaɗan ɗinsa na sa sugan jinin kare ya faɗi warwas. Abubuwan taunawar kare na leda da ake shigowa da su daga waje ma, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, daga 2007 ta yi ta karɓar ƙorafi kan karnukan da suka yi rashin lafiya bayan cin busasshen naman kaza da na agwagwa da busasshen dankali na kanti, yawancinsu daga Chaina aka kawo. Naka na gida kuwa da hannunka ka wanke, da idonka ka ga abin da ya shiga.

Nawa za a ba shi? Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke faɗa ita ce duk irin waɗannan abubuwan lada kar su wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare ke ci a rana. Ku tuna an cire masa ruwa, zaƙin ya taru wuri ɗaya, yanka ɗaya ƙarami a ido amma da nauyi a ciki. Babban kare yanka 1 ko 2 a rana ya wadatar, ƙarami rabi. Ranar farko ka ba shi ɗan guntu kawai ka lura da kashinsa washegari, in ya yi ruwa ka rage ko ka dakata. Wannan abu ba ya maye gurbin abinci, kare na bukatar nama da ƙwai da kifi, dankali shi kaɗai ba zai riƙe shi ba. Karen da ke da ciwon suga, ko mai ƙiba sosai, ko mai ciwon ƙoda, sai ka tambayi likitan dabbobi tukuna. Kwikwiyon da bai gama haƙora ba a ba shi dafaffe mai laushi, busasshen ya yi masa tauri. Kuma a ajiye masa ruwa mai kyau kusa a kwanonsa na daban, don busasshen abu na sa ƙishirwa.

In za ka yi amfani da shi wajen horo, yanka shi ƙanana ka zuba a aljihu, ka kira sunansa, yana zuwa ya zauna a gabanka ka ba shi a take, in ka jinkirta ba zai gane ladan me aka ba shi ba. Yara in za su miƙa masa su buɗe tafin hannu ko su ajiye a ƙasa, kuma babba na tsaye a wurin. A darasi na gaba in sha Allahu za mu yi na kabewa da hanta, ku tanadi madambaci da raga. Sai mun haɗu, a huta lafiya.