Duma da yaɗonsa: a nuna masa hanya tun yana ƙarami

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da yayyena manoma, da iyayenmu mata da ke zaune can gefe, sannunku da fitowa. Maganar duma za mu yi yau, tsiron da ba baƙo ba ne a wurinmu, don asalinsa nan Afirka ne. Ƙwaryar da 'yar Fulani ke tallan nono da ita, ludayin shan fura, masaki, zunguru na ƙunshi, shantun 'yan mata, har manyan gorunan da masunta ke hawa a bikin kamun kifi na Argungu, duk 'ya'yansa ne. Robobi sun cika kasuwa, amma ni har gobe furar ƙwarya ta fi min daɗi.

Shuka shi ba wuya. Irin yana da tauri, to ka jiƙa shi ya kwana a ruwa. Idan damina ta zauna, ka tona rami, ka zuba ruɓaɓɓen taki, ka sa ƙwaya 2 ko 3, in sun fito ka bar mafi ƙarfi. Tsakanin rami da rami a bar kamar mita 2.

Inda aikin yake shi ne yaɗo. Duma yana da waɗansu siraran hannuwa da yake naɗe duk abin da ya taɓa. In ya samu ruwa da taki, kafin ka ankara ya haye danga, ya kama bishiya, ya shimfiɗa faffaɗan ganyensa a kan geronka ya hana shi rana. Wata shekara na ga ɗaya ya tsiro da kansa a juji bayan gidana, na ce a bar shi, arziki ne. Watan Agusta bai ƙare ba ya tsallaka gidan maƙwabcina, nauyin 'ya'yan ya kwantar da dangar da ke tsakaninmu. Na ji kunyar mutumin nan ƙwarai, kuma laifina ne, domin ban tanadar wa tsiron wurin hawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kafa rumfa mai ƙwari kafin ka sa iri a ƙasa, nesa da rumbu da ɗakin ciyawa.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne mutane da yawa ke asara. Duma yana da fure iri biyu a jiki ɗaya, namiji da mace. Macen za ka gane ta da ɗan ƙaramin duma a gindinta. Uwar yaɗon, wato babban reshen da ke miƙewa, yawanci furen namiji take bayarwa. Matan sun fi fitowa a rassan gefe. Saboda haka idan uwar ta kai saman rumfa, ka sa farce ka tsinke kanta. Abu biyu ka samu: ka tsayar da gudunta, ka kuma tilasta mata fitar da rassan da ke haihuwa. Kowane mako ka zagaya, reshen da ya nufi inda ba ka so ka juyo shi, ko ka tsinke. Aikin farce ne in an yi da wuri. Wanda ya yi sakaci, sai ya ɗauko adda.

Furen fari ne, da yamma yake buɗewa, ƙwarin dare ne ke kai masa barbara. Don Allah kada a yi feshin magani da magariba.

Mai son babban masaki kada ya yi haɗama. Ka bar 'ya'ya 2 ko 3 a gindi guda, ka cire sauran, ka ɗora waɗanda ka bari a kan busasshiyar ciyawa don kada danshi ya ɓata gindinsu. Na ludayi kuwa a bar shi yana lilo daga rumfa, wuyansa zai miƙe. Kada a tsinka sai ɗan reshen da ke riƙe da shi ya bushe ya yi ja. Ɗanye in an fafe shi motsewa yake yi. Kuma iyayenmu mata, duman ƙwarya mai ɗacin nan ba na miya ba ne, ɗacin guba ne, yana ɓata ciki sosai. A jiƙa sabuwar ƙwarya a kankare ta har ɗacin ya fita kafin a sa abinci.

Baba da ke gaba ya tambaya: to wanda nasa ya riga ya hau rumbu fa? Baba, kada ka fizgo shi ɗanye, da ciyawar rufin zai taho. Ka yanke shi daga gindi, ka bar shi kamar mako guda ya yi yaushi ya bushe, sannan ka zare a hankali. 'Ya'yan da suka faɗi a kwashe su duka, in ba haka ba baɗi a nan za su sake tsirowa.